Yadda ake cire babban reshe ba tare da an cutar da bishiya ba

Malam, ka tambayi yadda za ka cire babban reshen da ya sunkuyo kan rufin ɗakinka, da kuma ko a shafa fenti a wurin bayan an yanke.

Kada ka ɗora zarto daga sama ka ce za ka gama shi a yanka ɗaya. Nauyinsa zai karya shi kafin ka kai ƙarshe, ya ɗaye ɓawo har gangar jikin bishiyar. Na taɓa yin wannan kuskure, har yau tabon yana damuna duk lokacin da na gan shi. Yanka uku ake yi. Ka fara ɗaure reshen da igiya, tunda rufi ne a ƙarƙashi. Yanka na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga jikin bishiyar, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko ta wajen ƙarshen reshen, har ya rabu. Sannan ka cire guntun da ya rage.

A nan ake son natsuwa. Duba inda reshen ya haɗu da jiki, za ka ga ɗan kumburi kamar zobe. Ka yanke dab da shi amma kada zarto ya taɓa shi, domin daga nan ne sabon nama ke tsirowa ya rufe raunin a hankali.

Fenti kuwa, rabu da shi. Danshi yake riƙewa, ya jawo ruɓa. Idan kuma akwai wayar lantarki kusa, don Allah kada ka hau, ka nemo ƙwararru.