Bene a kan kududdufin da aka cike: wa zan kama?

Tambaya: Barista, na sayi fili a Kano, na ba ɗan kwangila ya gina mini bene. Damina biyu kacal, bango ya tsage, ƙofofi sun daina rufuwa. Sai yanzu maƙwabta ke gaya mini wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Wa zan kama?

Amsa: Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Da farko kada ka bari birkila ya shafe tsagar nan da siminti, ita ce shaidarka. Ɗauki hotuna, ka nemo injiniya mai rajista da COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya) ya haƙa, ya gwada ƙasar, ya ba ka rahoto a rubuce. In ya ce iyali su tashi daga gidan, to su tashi.

Kowace ƙasa da nauyin da take iya ɗauka. Tsakuwa mai tauri tana ɗaukar sama da kilonitan (ma'aunin ƙarfin nauyi) 600 a murabba'in mita ɗaya, laka mai taushi kuwa ba ta kai 75 ba. Cikon shara ba a ma sa shi a lissafi, domin ruɓewa yake yi yana lotsawa shekara da shekaru. Irin wannan wuri sai an kwashe cikon, ko a kafa ginshiƙai har su tarar da ƙasa mai ƙarfi.

A ganina ƙararka mafi ƙarfi kan ɗan kwangila take. Wanda ya haƙa tushe ya ga leda da ruɓaɓɓen juji, ya yi shiru ya zuba kankare, ya yi sakaci kuma ya saɓa yarjejeniya. Amma fa in ya ce a yi gwajin ƙasa kai ka ƙi don rage kuɗi (masu gini da yawa kan yi haka), diyyarka za ta ragu sosai.

Mai sayar da filin ya fi wuyar kamawa. A kotun boko mai saye ne ke da alhakin bincike, sai in an yi masa ƙarya. A kotun shari'ar Musulunci kuwa ɓoye aibi yana iya ba ka damar warware ciniki, in ka tabbatar aibin yana nan tun kafin sayen kuma ba ka sani ba.

Ka sa lauya ya rubuta musu takardar neman diyya, a gwada sulhu a kotun Multi-Door ta Kano, in ya ci tura sai babbar kotu. COREN tana hukunta injiniya, amma ba ta biyan diyya. Kada ka ja lokaci: wa'adin shigar da ƙarar kwangila shekara biyar ne ko shida, gwargwadon jiha.