Ƙugiyar ɗ tana cin karo da ɗigon i: yadda ake gyara tazarar haruffa a FontForge

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu da allunan talla a unguwar Zango, nan Damagaram. Na ƙara ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikin wani salon haruffa da FontForge, manhajar ƙera haruffa, amma a kalma irin "ɗinki" ƙugiyar ɗ tana hawa ɗigon i, "Tahoua" kuma sai T ta yi nesa da a. Ina zan taɓa?

Amsa: Malam, kafin ka shiga daidaita haruffa biyu-biyu, duba filin da kowane harafi yake da shi a hagunsa da damarsa. Yawancin ɓarna daga nan take. Danna Ctrl+K, tagar awo za ta buɗe. Rubuta "nnonoon", ka gyara lambobin LBearing (filin hagu) da RBearing (filin dama) har idonka ya ga tazarar ta zama ɗaya. Harafi mai ciki kamar o yana son fili kaɗan, mai miƙaƙƙen jiki kamar n yana son fiye da haka. In n da o suka zauna daidai, sai b, d, p da q su ari awonsu.

Daga nan sai gyaran biyu-biyu. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin ba ya ƙarewa. Yi da rukuni. Shiga Element, Font Info, Lookups, ka zaɓi GPOS, ka ƙara sabon layi na Pair Position da alamar kern, wato gyaran tazarar haruffa biyu-biyu, sannan ka buɗe tebur na rukunai. Gefe ɗaya na haruffan da ke gaba ne, inda damarsu ke aiki, ɗayan na masu biyo baya, inda hagunsu ke aiki.

A nan haruffanmu suke da tarko. Hagun ɗ ciki ne irin na d, to ta shiga rukunin d da o a wannan gefen. Amma damarta ƙugiya ce mai leƙowa sama, dole ta samu rukunin kanta. In ka haɗa ta da d a gefen dama, karon da kake gani zai dawo. Haka ƴ. Su kuwa Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take fitowa, can za ka ware su. Ƙaramar ƙ ba ta cika rigima ba, tana iya zama tare da k.

A salon da aka raba murabba'in da ake auna haruffansa gida 1000, fara da ƙarin 20 zuwa 40 tsakanin ɗ da i, da ragin 50 zuwa 80 tsakanin T da a. In naka 2048 ne, kusan ninka lambobin. Ido ne alƙali. Tagar tana karɓar jerin kalmomi daga fayil, ka tara irin su ɗinki, ƙwarya, ƴaƴa, Ɗanladi, ka duba su da girman allo da kuma ƙaramin rubutun rasit. Abin da ya yi kyau a babba yakan matse a ƙarami.

Tambaya: Na gyara, a FontForge ya yi daidai, amma a Word babu abin da ya sauya.

Amsa: Wajen fitar da salon a Generate Fonts, shiga Options ka tabbata OpenType yana da alama, in ba haka ba teburin GPOS ba zai bi fayil ɗin ba. Cire tsohon daga Windows kafin ka sa sabon, don kwamfuta takan riƙe na farko in sunan ɗaya ne. A Word kuma danna Ctrl+D, shiga Advanced, ka kunna Kerning for fonts. LibreOffice a kunne yake zuwa da shi.

Tambaya: Zan iya gyara salon wani in yi aiki da shi?

Amsa: Sai lasisinsa ya yarda. Salon Charis, Andika da Noto Sans suna ƙarƙashin OFL, lasisin da ya yarda a gyara salo a raba, kuma haruffan Hausa suna ciki tun asali. Kana iya gyarawa, amma in lasisin ya keɓe sunan salon, ka ba naka sabon suna kafin ka raba shi.