Tambaya da Amsa: Tsohon Keken Dutse na Titaniyam

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na tsinci firam ɗin keken dutse a cikin kayan gwanjo a kasuwar Dole, launin toka, babu fenti, babu tsatsa, an rubuta Litespeed. Mai shi ya ce titaniyam ne. Yaya zan tabbatar, kuma da me zan haɗa shi? Daga mai karatu a Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da mayen ƙarfe: in ya manne, baƙin ƙarfe ne. In bai manne ba, ko alminiyam ne ko titaniyam. Bututun alminiyam kauri gare shi, waldarsa manya-manya. Na titaniyam siriri ne, waldar ƙanana a jere kamar ɓawon kifi. Firam tsurarsa yakan kai kilo 1.5 ko kusa da haka. Litespeed da Merlin kamfanonin Amurka ne da suka yi suna da wannan aiki a shekarun 1990.

Kafin ka biya, wanke shi ka duba kowace walda a rana, musamman ƙarƙashin wuya da inda sandar sirdi take shiga. Ka ga tsaga ko da siririn gashi ce, bar musu kayansu. Walda irin tamu ta bakin titi ba ta kama titaniyam. In ya yi zafi iska ta taɓa shi, gautsi yake yi, sai ya karye. Sai injin walda na musamman da ake kira TIG, da iskar argon mai kare waldar daga iskar gari, ciki da waje.

Wajen haɗawa, duk inda wani ƙarfe zai taɓa firam ɗin, shafa giris mai haɗe da jan ƙarfe. In babu, giris na yau da kullum ya fi babu. Sandar sirdi ta alminiyam in aka zura ta a bushe, maƙalewa take yi har sai an yanka. Ciro ta duk wata shida ka sake shafawa. Auna faɗinta, yawanci milimita 27.2 ne, kada a buga da guduma. Gidan feda kuma faɗinsa milimita 68 ko 73, zaren ɓangaren sarƙa a juye yake, dama ake murɗawa a kwance shi. Nan masu gyara da yawa suke cinye zaren.

Ƙafa inci 26 ce, tazarar wurin da ƙafar baya take shiga milimita 135, giya 8 ko 9 ta wadatar. Shawarata, kada ka sa masa doguwar shokar zamani. An zana shi ne don mai lotsawa milimita 63 zuwa 80. Mai 120 tana ɗaga gaba, ta jigata waldar wuya.

TAMBAYA: Zai iya yashi da ƙayar garinmu?

AMSA: Firam ɗin bai san da su ba, taya da sarƙa ne ke shan wuya. Sa taya mai faɗin inci 2.1, iska kamar bar 2 a ma'aunin famfo in a yashi ne, ka ƙara kaɗan in za ka hau duwatsu, don kada dutse ya matse robar ciki ta fashe. Ƙayar aduwa ba ta da sabo, sai ka zuba ruwan like huda a ciki, ka riƙa tafiya da faci. Lokacin hunturu mai kaɗan za ka ɗiga wa sarƙa, ka goge da tsumma, domin mai da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Auna gaɓa 12 cikakku na sarƙar (kowace gaɓa ta ciki da ta waje a haɗe): sabuwa santimita 30.5 ce, in ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, canza ta kafin ta cinye haƙoran giya.