Daga jinya zuwa motar agajin gaggawa: hanyar tana ɓullewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a nan Kano, amma zuciyata tana wajen aikin motar asibiti, wato masu zuwa inda aka yi haɗari, waɗanda ake kira paramedik. In bar jinya in koma can, ko in daure in gama? Daga wani ɗalibi, Kurna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Daure ka gama. Hanyar nan ta fi sauƙin bi daga jinya zuwa agajin gaggawa, dawowa kuwa da wuya.

Lasisin nas yana hannun Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, kuma ba ta bayar da shi sai ga wanda ya yi karatu a makarantar da ta amince da ita, ya ci jarrabawarta. Wanda ya yi difloma ta paramedik, komai iyawarsa, in yana son zama nas sai ya shiga makarantar jinya kamar kowa. Kai kuwa da zarar ka riƙe lasisinka, ka ɗan yi aiki, akwai kwas na ƙwarewa a kan haɗurra da jinyar gaggawa na kusan shekara guda. Ba sai ka bar gari ba ma, ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala. Karatun paramedik zalla kuwa makarantunsa kaɗan ne, wadda aka fi sani ita ce ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Sai dai kada ka ɗauka aikin ɗaya ne. A ɗakin marasa lafiya kana da fitila, da gado, da likita da za ka kira, ga fayil ɗin mara lafiya a gabanka. A titin Zariya da ƙarfe goma na dare ba ko ɗaya. Mutum yana maƙale a mota, jama'a sun yi cincirindo, kowa na ihun a jawo shi. Tsaya rabin yini a sashen gaggawa na Asibitin Murtala, za ka ga yadda ake kawo su: a Adaidaita Sahu, an naɗe mutum a kujerar baya, kai yana lilo, ƙafar da ta karye tana reto a waje. Wanda ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗaukar kaɗai tana iya shanye masa jiki har abada. Abin da paramedik ya ƙware a kai ke nan: tallafe wuya, buɗe hanyar numfashi, tsayar da jini, da tantance wa za a fara ɗauka in mutum biyar ne a kwance. Makarantar jinya tana taɓa waɗannan, amma sama-sama.

Batun abin sakawa a baki kuma, kada mu yaudari juna. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, a 2022, hukumar kiyaye haɗurra ma tana da motocinta da lambar kira 122. Duk da haka guraben paramedik ba su kama ƙafar na nas ba. Nas yana da matakan ƙarin girma sanannu, zai iya ɗora digiri a Jami'ar Bayero, in gwiwa da baya suka gaji da ɗaukar gadon marasa lafiya ya koma ɗakin tiyata ko koyarwa.

Kafin ka gama, yi kwas ɗin farfaɗo da numfashi da bugun zuciya, BLS, ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu. In an tura ku sashen gaggawa kuma, roƙi shugabar sashen ta sa ka cikin masu raka mara lafiya in za a mayar da shi wani asibiti. Riƙe ledar ruwa a mota tana tsalle a kan ramuka, ga cunkoso a Ƙofar Nasarawa, zai nuna maka ko da gaske zuciyar take.