Ina Toaplan ya shiga?

Malam, ka tambaya ko kamfanin da ya yi wasan bidiyo na Truxton yana nan. Ai Toaplan ya dade da rufewa. Karamin kamfani ne a Tokyo, ya fara yin wasanni a 1984, kuma gwanintarsa wasan jirgi mai harbi: Tiger-Heli a 1985, Truxton a 1988, Zero Wing a 1989.

Ni dai wasansu Batsugun na 1993 ya fi burge ni. Harsasai ne ke cika allo kamar ruwan sama, kai kuma kana lallaba dan jirginka ta tsakaninsu, ko kiftawa ba ka yi.

A 1994 kamfanin ya karye, ma'aikata suka watse. Wasunsu suka kafa wani kamfani mai suna Cave, suka ci gaba da wannan salon.