Maganin homon da ake haɗa wa mace nata na musamman

Hajiya, kin tambaya ko ki sayi maganin homon (sinadaran jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke) da ake haɗa wa kowace mace nata daban, saboda gumin dare da ya dame ki tun ɗaukewar al'adarki. Kada ki saya. Ki fara ganin likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, idan ya ga dacewa ya rubuta miki mai lambar NAFDAC.

Irin wannan haɗin ba shi da tabbacin yawan sinadarin da ke cikinsa, kuma matuƙar ba a cire miki mahaifa ba, shan homon istirojin ba tare da isasshen homon furojestaron mai kare mahaifa ba yana ƙara kaurin bangon mahaifa, har yakan kai ga sankara. A aikina na ungozoma na ga wadda jini ya ɓalle mata saboda hakan.