Daren da na sa rigar kakanki

'Yata, saƙonki ya same ni bayan la'asar, kuma sai da na yi murmushi kafin damuwa ta biyo baya. Kin ce kin ga samari a TikTok suna ɗaura zane da ɗankwali suna rangwaɗa, wasu kuma suna kare su da cewa al'adarmu ce tun fil azal, shi ne kike tambaya ko a zamaninmu ba a ɗauki hakan a bakin komai ba.

To, ni kaina na taɓa yin shigar maza. Ina 'yar shekara 11, tun ba a fara kashe naira ba, domin sai 1973 ta fito, azumi ya kai goma, aka shiga tashe, ƙawayena suka zaɓe ni in zama Daudu a wasan Mairama da Daudu saboda na fi su tsawo. Na zaro wata tsohuwar babbar rigar kakanki daga adaka, shuɗiya ce mai ƙanshin turaren wuta, aka naɗe mini hannuwanta a kafaɗa, aka cusa tsumma a cikin hula don kada ta rufe mini ido, aka zana mini gashin baki da baƙin tukunya. Muka bi gida-gida a Yakasai da ƙwarya da fitila, ina zaune a tabarma ina kaurara murya, Mairama tana durƙusawa tana miƙo mini ruwa, matan gida suna dariya suna zuba mana gero da kwabo. A bakin wani zaure muka yi kiciɓis da kakanki yana dawowa daga asham. Ya gane rigarsa, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce a mayar masa da ita kafin asuba, ya wuce.

Da na koma gida kakata ce ta wanke mini fuska da hannunta, tana cewa zanen aro ba ya rufe katara. Kowa a unguwa ya san 'yar wane ce a cikin rigar, an san zaman aure ake kwaikwayo domin 'yan mata su koya, kuma da watan ya wuce wasan ya tashi.

'Yan daudu kuwa zancensu daban ne, domin su ba su jiran azumi. Mun san su a tasha da bakin kasuwa suna suyar kaji da sayar da tuwo, ana kuma ɗaukar su girkin biki, maganarsu da tafiyarsu irin ta mata. Manyanmu suna danganta sunan da Ɗan Galadima na 'yan bori. Wani tun yana yaro haka aka gan shi, wani neman abinci ya kai shi, wani kuma gida ne ya kore shi ya sami mafaka a cikinsu. Malamai ba su taɓa amincewa ba, suna kawo hadisin Ibn Abbas da ya la'anci namiji mai kamanta kansa da mata da mace mai kamanta kanta da maza, kuma da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000 da yawansu sun janye daga idon jama'a. Duk da haka kakata ba ta yarda yayyena su bi ɗan daudu da ihu ba. Takan ce shi ma uwa ce ta haife shi, kuma wanda yake da 'ya'ya ba ya yi wa ɗan wani dariya.

Abin da yake ci mini rai shi ne, waɗannan samarin da kike kallo ba su da wata ba su da lokaci, neman mabiya da kuɗi suke yi a gaban ƙananan yara masu riƙe da waya, alhali yaran gidanku ko waƙar tashe ɗaya ba su iya ba, kuma laifin namu ne da ba mu koya muku ba. Idan kin zo hutu ki tuna mini in buɗe miki adakar. Asu ya cinye rigar tun tuni, amma hular tana nan.